Kada Ka Taka Ƙafar Nan

A ƙofar falon Babana muka fara faɗa da Dogo. Wai sai ya jingine sandunansa a bango ya shiga da ƙafarsa.

"Rabin raina, taku biyar ne fa kawai..."

"Ko rabin taku ka yi, wallahi na fasa."

Dogo mai gyaran wuta ne. Ana saura wata biyu aurenmu ya zamo daga kan tsani ya dira a kan dunduniya, ƙashin ya farfashe. Likitar ba ta farke ƙafar ba. 'Yan ƙofofi uku ta huda, tana kallon ƙashin a allo ta mayar da shi mazauninsa, ta ɗaure da kusoshi. Sannan ta ja mana kunne: mako goma babu takawa, in ya taka ƙashin zai zauna a karkace har abada.

To ƙanƙantar ɗinkin nan ita ta ja mana. Da Baba ya je dubiya ya ga filasta ko tsawon yatsa ba ta kai ba, sai ya dawo yana huci. Ko dai yaron nan raggo ne, ko ƙafar ta mutu ana ɓoye masa, kuma duk biyun ba zai ba shi 'ya ba. Ya shigo falonsa da ƙafarsa, ko a bar maganar.

Gogan naka kuwa, da zuciya kamar me, har ya saki sanda ɗaya. Na tsince ta na cusa masa a hammata, muka shiga a haka. Tsoro nake ji sosai, amma son da nake masa ya fi tsoron.

"Baba, ni na hana shi."

Ya ɗago ya zuba mini ido. Shekara talatin yana aikin kafinta, ban taɓa mayar masa da magana ba.

"Kujerar da ka sa wa gam, ka taɓa barin wani ya zauna kafin ta bushe? Har Mama ka taɓa kora daga kan benci. Ɗinki ka duba, ba ka duba haɗin ba... Kuma ko gurgu zai zama, Baba, shi nake so."

Na miƙa masa hoton ƙashin ƙafar da aka ɗauka a asibiti. Ya sa tabarau ya ɗaga shi saitin taga, ya daɗe yana bin kusoshin da yatsa. Can ya ce wanda ya yi wannan ya san aiki. Na ce mace ce. Ya harare ni.

Sai ya jawo ɗan bencin da yake ɗora ƙafarsa, ya tura gaban Dogo.

"Saura mako nawa?"

"Shida, Baba."

"Zauna ka ɗora ta nan. In ka taka kafin shida, ba ita za ta fasa ba, ni zan fasa."