Kwamfutar da Ta Yi Kiɗa Ranar Asabar

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Asabar, saura mako uku a yi zaɓen gwamnoni na 2007, Malam Haliru ya shigo ofishin 'yan sanda na Kibiya. Shi ne shugaban sakandaren Islamiyya ta 'yan mata da ke bayan kasuwa. A bayansa akwai Bara'atu, mai buga takardun makarantar, idanunta sun yi ja.

Insfekta Gwadabe ya nuna musu benci.

"Kwamfutarmu ce ta yi kiɗa," in ji Malam Haliru.

"Malam, nan caji ofis ne. Ofishin Hisba yana gaba."

"Ba wasa ya kawo ni ba, Yallaɓai."

Ya yi bayani. Tun azumin bara ya sa aka kashe ɗan kiɗan da kwamfutar ke yi duk sanda aka kunna ta, domin ofishin manne yake da ajin hadda, kuma sau biyu kiɗan ya tashi ana tsakiyar karatun Alƙur'ani. Wata shida ke nan tana tashi shiru. Yau, bayan hutun Alhamis da Juma'a, Bara'atu ta kunna ta, sai ta yi kiɗa. Da aka duba, babu komai a cikinta.

"Me ke ciki?"

"Sunaye da hotunan ɗalibai sittin da uku, na rajistar jarrabawar fita. Aikin mako uku. Jibi Litinin za a rufe karɓa a Kano. In ba mu kai ba, yaran sun yi asarar shekara."

"Babu shi a wani wurin?"

"Babu. Mai hoton ma daga Zariya ya zo, ya tafi." Ya nuna Bara'atu da haɓa. "Ita ke da mabuɗi. An ce mini tana saka faifai idan ba na nan. Kwamiti zai zauna a kanta da magariba."

"Ban taɓa saka komai ba," in ji Bara'atu, murya ƙasa ƙasa.

"Mabuɗi nawa ne?"

"Biyu. Nata da nawa. Nawa ba ya barin aljihuna."

Insfekta ya ɗauki hularsa, ya ce Kofur Alu ya fito da mota.

Ƙofar ofishin makarantar lafiya lau take, tagar ma haka. Aka ta da ɗan janareta, Bara'atu ta danna maɓalli. Allon ya kawo haske, lasifika ta saki ɗan gajeren kiɗa. Malam Haliru ya kau da kai.

Minti shida Insfekta yana duba agogonsa. A na bakwai kwamfutar ta mutu da kanta.

"Tana yin haka?"

"Ba ta taɓa ba," in ji Bara'atu.

Insfekta ya durƙusa ya juyo akwatin kwamfutar. A gefensa an rubuta da farin fenti cewa kyauta ce daga ɗan majalisa. Ƙarƙashin rubutun akwai wurin da aka kankare da wuƙa, ƙarfen yana ƙyalli.

"Me ke nan wurin?"

Bara'atu ta sunkuyo. "Lamba ɗaya."

"Ke nan akwai lamba biyu."

Malam Haliru ne ya amsa. "Biyu Onarabul ya ba mu, iri ɗaya. Ta biyun ta lalace shekara biyu da suka wuce. Mataimakina, Malam Ja'afaru, ya kai ta Kano gyara. Aka ce ba ta gyaruwa."

"An dawo da gawar?"

"Ban tambaya ba."

Aka kira Malam Ja'afaru daga ajinsa, can ƙarshen makarantar. Dogo ne mai farin tabarau, da alli a yatsunsa. Ya yi sallama ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

"Ina kwamfuta ta biyu, Malam?"

"Tana can inda aka bar ta, a Kano. Shagon ma na ji sun tashi."

"Ka iya aiki da kwamfuta?"

"Ni da alli nake aiki, Insfekta. Ku tambayi Bara'atu mai kallon fim."

"Me kake gani game da kiɗan da ta yi yau?"

Malam Ja'afaru ya yi ɗan murmushi. "Wannan har abin kai ƙara ne? Ai kowace safiya haka take yi. Ta yi kiɗanta, ta ɗan tsaya, sannan hoto ya fito."

"Kowace safiya."

"Kullum."

"Na gode. Koma ajinka."

Da ya fita, Insfekta ya rufe ƙofa, ya juya ga Malam Haliru.

"Ya san ka sa an kashe kiɗan?"

Malam Haliru ya girgiza kai. "Yana umara lokacin. Kuma ba kasafai yake shigowa nan da safe ba."

"Taku ta yi wata shida ba ta yi kiɗa ba. To ta ina yake jin kiɗa kowace safiya?"

Insfekta ya matso kusa da Malam Haliru.

"Ranar Alhamis ina ka je, Malam?"

"Nariya. Ta'aziyya."

"Da mabuɗin a aljihunka?"

Malam Haliru ya cire hula ya shafa kansa. "Za a kawo littattafai a ranar. Na bar wa Malam Ja'afaru mabuɗan duka. Wallahi na manta."

"Wa ya kashe muku kiɗan?"

"Lukman, mai gyara a Rano, kusa da tasha. Duk yankin nan shi kaɗai ne."

Ƙarfe ɗaya saura suka shiga Rano. Insfekta ya tsaya a ofishin 'yan sandan garin ya sanar da zuwansa, sannan suka wuce tasha. Shagon Lukman ɗaki ɗaya ne, babu wuta, ƙofa a buɗe saboda haske. Akwatunan kwamfuta huɗu jere a kan tebur, dukkansu an manne musu fastocin 'yan takara da hotunan 'yan ƙwallo.

"Kai ka kashe kiɗan kwamfutar Islamiyyar Kibiya?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"Yaya ake yi?"

"Ba a lasifika ake kashewa ba. Ana shiga wurin saitin sauti ne, a nemo sautin tashi, a zaɓi babu. Minti ɗaya ne. Karatu da wa'azi duk za su fita, na tashin ne kawai ba zai fita ba."

"Yana dawowa da kansa?"

"A'a. Sai an mayar da shi, ko an wanke ta gaba ɗaya."

"In an wanke, abin da ke ciki fa?"

"Ya tafi."

"Akwai wanda ya kawo maka wanki daga Kibiya a kwanakin nan?"

"Babu."

Wayar Lukman ta yi ƙara a kan tebur. Ya kalli sunan, ya kife ta.

"Ɗauka mana."

"Ba komai ba ne, Yallaɓai."

"Kunna mini waɗannan, ɗaya bayan ɗaya."

"Ba wuta tun shekaranjiya. Janareta kuma ba mai."

Insfekta ya aiki Kofur Alu bakin titi ya sayo lita ɗaya. Kafin ya dawo wayar ta sake yin ƙara sau biyu. Lukman bai taɓa ta ba. 

Aka ta da janareta. Ta farko ta yi kiɗa. Ta biyu ma ta yi. Lukman ya tsallake ta uku ya kai hannu kan ta huɗu.

"A jere, Lukman."

Ya haɗa wayoyin ta uku, ya danna. Fanka ta fara juyawa, allon ya kawo haske, hoto ya fito. Lasifikar ba ta ce uffan ba.

Insfekta ya sa farce ya ɓare fastar da ke gefen akwatin. Farin fenti ya bayyana, da lamba ɗaya.

Lukman ya zauna a kan buhun wayoyi. "Malam Ja'afaru ne. Jiya bayan sallar Juma'a ya kawo ta. Yana da shagon buga takardu a hanyar Rurum, da sunan ƙanin matarsa. Ya ce sautinta ya lalace, kuma sunan makaranta yana fitowa a allo. In wanke ta, in gyara sautin. Da ɗan man da ya rage na kunna ta, ina jin shiru na gane aikina ne."

"Ka wanke?"

"Na ce masa ba wuta."

"Me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Shi ya karɓa mini aure, Yallaɓai. Da wane ido zan kalle shi?"

Wayar ta sake yin ƙara.

"Ɗauka. Ka ce an gama, ya zo ya ɗauka."

Lukman ya ɗauka, ya faɗi abin da aka ce ya faɗa. Insfekta ya tura Kofur Alu Kibiya ya ɗauko shugaban makaranta da Bara'atu, shi kuma ya ja kujera bayan ƙofa.

Ana kiran la'asar Malam Ja'afaru ya sauka daga babur.

"Ka tabbata babu abin da ya rage a ciki?" ya tambaya tun daga bakin ƙofa.

"Komai yana nan, Malam," in ji Insfekta.

Malam Ja'afaru ya tsaya da ƙafa ɗaya a waje. Ya kalli akwatin, ya kalli fentin, sannan ya kalli Lukman, wanda ya sunkuyar da kai. A daidai lokacin motar 'yan sanda ta tsaya a bayansa.

Bai yi gardama ba. Ya ce ta biyun ta gyaru tun makon da ya kai ta, sai ya buɗe shago da ita. A watan nan ta soma mutuwa, ga aikin katunan wakilan jam'iyya ya karɓa, kwana goma aka ba shi. Ranar Alhamis da hantsi ya kawo ta cikin kwalin littattafai, ya kankare lambar, ya musanya.

"Aro na yi. Bayan zaɓe zan mayar."

"Aron da za a wanke?"

"Na ɗauka takardun ofis ne kawai. Ai Bara'atu tana da su a fayil."

"Da aka ce Bara'atu ce, me ka ce?"



Insfekta ya ce akwatin shaida ne, zai kwana a caji ofis, amma a kwashe rajistar yanzu a faifai. Bara'atu ta zauna gaban allon. Malam Haliru ya tsaya a gefenta.

"Malama Bara'atu, na zalunce ki. Zan faɗa wa kwamiti da bakina."

"To, Malam," ta ce, ba ta ɗago ba. "Bari in tabbatar sun cika."

Ta shiga karanta sunayen a bayyane, kowanne da hotonsa. A na arba'in da ɗaya ta ɗan dakata.

"Sadiya Ja'afaru."

Malam Ja'afaru ya cire tabaraunsa ya matso kusa da allon. 'Yarsa ce, cikin farin hijabin makaranta.

"Har da ita?"

"Har da ita," in ji Bara'atu, ta wuce zuwa na arba'in da biyu.

Kofur Alu ya riƙe shi a gwiwar hannu. Bai sa masa ankwa ba, shi ma bai ja ba. Suka fita da shi ta tsakiyar 'yan acaɓa zuwa mota.