Yashin Gindin Kwandon Ƙwallo

Rana ta yi ja, inuwar katanga ta cinye rabin tsakar gida, lokacin da Direba ya gama ɗaura allon kwandon ƙwallo a kan ƙarfensa. Motar makaranta yake ja, shi ya sa unguwa ta san shi da wannan suna. 'Yarsa Auta ce aka zaɓa cikin 'yan ƙwallon kwando na makarantarsu, shi kuwa uba ne da in Auta ta yi atishawa sai ya tashi neman bargo. Shi ya sa ya kinkimo mata kwandon nan mai tayoyi, wanda ake turawa duk inda aka ga dama.

Saura aiki ɗaya. Gindin kwandon wani baƙin tanki ne na roba, faffaɗa, da 'yar ƙofa a samansa wadda ba ta wuce bakin kofi ba. In ba a cika shi da abu mai nauyi ba, iska kaɗan za ta kifar da ƙarfen a kan mai wasa.

"Ka ɗura masa ruwa mana ka huta," in ji matarsa daga bakin kicin.

"Ruwa yoyo yake yi, Maman yara. Yashi ne maganinsa."

"To, injiniya. Allah ya ba da sa'a."

Yashin da ya roƙo wajen magina jiƙaƙƙe ne. Yana zuba shi a mazurari sai ya cushe, ya tsokana da tsinke, ya girgiza, a banza. Auta tana tsaye da ƙwallo a kwankwaso tana dariya. "Baba, a haka sai na yi jikoki ba mu gama ba."

Sai ya tuna kangon da ke ƙarshen layi, ginin da aka fara aka watsar tun Auta ba ta yi wayo ba. Ya tura baro ya nufi can. A ƙarƙashin matakalar da ba a ƙarasa ba ya iske tudun yashi fari, mai laushi, busasshe kamar gari. A tsakiyarsa akwai ɗan kwari, irin wanda kan jariri ke bari a matashi. Ya dafa, ya ji ɗumi, alhali rana ba ta taɓa leƙa wurin ba. An fara kiran magariba, sauri yake yi, ya kafa shebur daidai kan kwarin ya kwashe. Ko bismillah bai yi ba.

Wannan yashin kam gudu yake a mazurari kamar ruwa. Direba yana zubawa, yana karkata tankin a kan tayoyinsa don yashin ya gangara kusurwoyi, yana bubbuga gefensa da dunƙulen hannu don ya zauna. Ya buga. Ya sake bugawa. Da ya ɗaga hannu sai ya ji an buga daga ciki, a hankali.

Ya kasa kunne. Ya ce wa kansa yashi ne ke zama. Ya ɗauko murfin, ya yi bismillah kamar yadda ya saba in zai rufe ƙofar mota, ya murɗa shi har ya ƙi motsi.

Washegari da magariba dutse na farko ya faɗo.

Suna tsakar gida, Maman yara tana kwashe shanya. Dutsen bai taɓa kwanon rufi ba, bai taɓa taga ba. Daga sama ya zo, ya ratsa zoben kwandon, ragar ta yi ɗan motsi, ya sauka a kan murfin tankin. Wani ya biyo shi. Wani kuma. Direba ya fita da gudu ya zagaya katanga, ya iske layin fayau, ko kaza babu. Da ya dawo, duwatsun sun taru a kan murfin nan, kuma da ya taɓa su zafi gare su.

"Yaran maƙwabta ne," ya ce.

"Wane yaro ne a unguwar nan bai taɓa kuskuren jifa ba?" in ji matarsa, muryarta ƙasa ƙasa.

Haka aka shiga yi. Da rana gida lafiya lau. Rana na faɗuwa sai tsuntsaye su yi tsit, jifa ya fara, kuma kullum duwatsun suna ƙara girma. Bayan jifan sai wata murya ta mace, ba kuka ba, ba waƙa ba, irin gunjin da uwa ke yi in tana lallashin yaro ta bayan ƙofa. Muryar takan zagaya tankin, ta zagaya, har duhu ya rufe.

Auta kuwa ta fara tari. Da fari an ce ƙura ce. Aka kai ta asibiti, likita ya saurari ƙirjinta ya ce bai ji komai ba. Amma yarinyar da ke tsere wa maza a fili ta koma ba ta iya ƙetare tsakar gida sai ta dafa bango. Ta daina miƙe ƙafa in ta kwanta, sai ta dunƙule, gwiwa a haɓa, kamar wadda aka cusa a akwati. Wata yamma Direba ya riƙe mata kofi tana kurɓar ruwa, ta yi tari a tafin hannunsa. Ya duba. Yashi ne, fari, busasshe.

"Baba," ta ce, idanunta a rufe, "wurin nan ya matse. Babu iska."

A wannan yammar ya je ya ɗauko Malam, wani dattijo mai ruƙiya wanda ba ya ɗaga murya ko a kasuwa. Malam ya tsaya a tsakar gida ya daɗe yana kallon tarin duwatsun kafin ya shiga ɗaki. Ya sa Maman yara ta lulluɓe Auta ta riƙe kafaɗunta, ya zauna daga gefe ya fara karatu.

Karatun ya yi nisa, hasken taga ya koma toka, sannan jikin yarinyar ya sandare. Ta tashi zaune, ita da ba ta iya ɗaga kai. Bakinta ya buɗe, muryar da ta fito ba tata ba ce. Muryar nan ce mai zagaya tanki, a dishe don kuka.

"Ya isa, tsoho. Ƙona ni ba zai buɗe shi ba."

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Uwa ce. Kamar wannan da ke rawar jiki a bayana."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

Kan Auta ya juya a hankali har idanun suka sauka a kan Direba. "Tambayi mai shebur. Na shimfiɗe ɗana a shimfiɗarsa na tafi ɗebo ruwa. Ya zo ba sallama, bai ambaci sunan kowa ba, da ya ambata da ɗana ya farka ya kauce. Ya kwashe shi yana barci. Ya tura shi ta wuyan mazurari. Yaro ya buga masa, ya ji, ya ci gaba."

 Direba ya jingina da ƙyaure.

"Me ya hana ki buɗewa ki ɗauki abinki?" Malam ya tambaya.

Ta yi wata dariya marar daɗi. "A nan ne ya tuna da sunan Allah. Wajen rufewa. Abin da aka rufe da sunan nan hannuna ba ya buɗe shi. Na yi jifa har faratana suka ƙare. To, numfashin da ɗana ke ja a ciki, na 'yar mai shebur ne nake kai masa. Kuma ya kusa ƙarewa, nasu duka."

"Za a buɗe yanzu. Ki fita."

"Zan fita da ita. Ta zauna a wurina gwargwadon zaman da ɗana ya yi a wurinsu."

Maman yara ta ƙwala salati ta ƙanƙame 'yarta. Malam bai motsa ba. "Wannan babu shi. Kuskure aka yi miki, ke kuwa da gangan kike yi. In kika taɓa ta, ni da ke ne har asuba." Ya ja numfashi zai koma karatu.

"Tsaya!" in ji muryar, ƙirjin Auta yana hawa da sauka da ƙyar. "Hannun da ya rufe shi zai buɗe. Ya mayar da yashin inda ya ɗebo, da tafin hannu, kada ƙarfe ya sake taɓa shi. Kuma a ba ni abin nan mai tsalle. Duk zamansa a duhu, ƙararsa kaɗai ke sa shi yin shiru."

"Ƙwallon?" in ji Direba. "Ɗauki. Wallahi ɗauki."

Ya fita yana tuntuɓe, ya ture duwatsun, ya durƙusa. Murfin ya ƙi. Ya naɗe shi da gefen rigarsa, ya yi bismillah, ya murɗa har fatar hannunsa ta sale. Murfin ya saki. Wani huci mai ɗumi ya bugi fuskarsa, sannan ya ji tari, ɗan ƙarami, na jariri. A ɗaki Auta ta ja wani dogon numfashi kamar wadda aka tsamo daga rijiya, ta fashe da kuka da muryarta ta gaskiya tana kiran Mama.

Direba ya kwantar da ƙarfen, ya kifa tankin, ya dinga tarar yashin a tafin hannu yana zubawa a buhu. Ya yi ta sawu zuwa kango, Malam na biye da shi da fitila, kowane sawu da sallama a bakinsa. A na ƙarshe ya ajiye ƙwallon a ƙarƙashin matakala, ya juyo bai waiwaya ba.

Jifa ya tsaya. Auta ta murmure, ta koma fili, har ta fi da gudu. Tankin kuwa ruwan famfo aka ɗura masa, kuma Maman yara ba ta ce uffan ba, abin da ya fi zagi ciwo.

Sai wata magariba, Direba yana wanke mota a ƙofar gida, ya jiyo ƙara daga ƙarshen layi. Ƙwallo ne ke dukan siminti, a hankali, ƙasa ƙasa, yana kuɓucewa ana sake kamawa. Ya juya ya ga Auta a bakin ƙofa, ta karkata kai tana saurare, tana murmushi.

"Shiga gida," ya ce.

"Da tafin hannu yake bugawa, Baba, ba da yatsu ba," ta ce. "Hannunsa bai yi ƙwari ba tukuna. Mamansa ta ce in ya ƙara girma za ta kawo shi in koya masa."