Gwangwanin Maɓallan Kawu

Kawu Tela mutum ne da ciwo ke jin tsoronsa. Haka dai shi ya ce, kuma ba ya gajiya da faɗa.

"Ni tun da uwata ta haife ni, ban taɓa taka ƙofar asibiti ba," in ji shi, yana taka keken ɗinki. "Wata rana sauro ya yi gangancin cizo na a wuya. Kun san abin da ya faru? Sauron ne ya kwanta da zazzaɓi. Kwana uku 'yan'uwansa suna yi masa fifita."

Masu jiran ɗinki sai su fashe da dariya. Auta ce kaɗai ba ta dariya, don ita ta yarda ɗari bisa ɗari.

Auta 'yar ƙanwarsa ce, tana aji biyar. Shagon Kawu yana jikin gidansu, saboda haka kullum bayan an tashi makaranta tana can. Yarinya ce mai gudu kamar barewa. Saura mako uku a yi gasar gudun miƙa sanda a makarantarsu, kuma ita aka zaɓa ta karɓi sanda a ƙarshe. Ba ta da zance sai wannan.

A kan kantar da ke saman keken ɗinki akwai wani tsohon gwangwanin biskit. A ciki Kawu ke zuba maɓallai. A ciki kuma yake zuba ragowar magani. Duk maƙwabcin da ya ji sauƙi kafin maganinsa ya ƙare, sai ya kawo masa sauran.

"Su likitoci sai sun yi shekara bakwai suna karatu," in ji Kawu. "Ni kuwa launi kawai nake dubawa. Ja na ciwo mai zafi ne. Rawaya na ciwo mai taurin kai. Fari kuma na ciwon da bai gama yanke shawara ba."

Wata rana da yamma Auta tana gwada gudu ba takalmi a bayan gida. Sai ta taka ƙusa mai tsatsa. Jini ya fito, ta cije leɓe.

Ta san idan Inna ta gani, sai asibiti. Idan aka je asibiti, sai allura. Idan Malamin wasanni ya ji, zai ce ta huta. Sai ta sa safa ta rufe ƙafar, ta ɗingisa zuwa shago.

"Kawu, don Allah kada ka gaya wa Inna."

Kawu ya ɗaga tabarau ya leƙa ciwon daga nesa.

"Wannan? Ai wannan ba ciwo ba ne, gaisuwa ce. Ni ƙusa ta taɓa shiga tafin ƙafata ta fito ta gwiwa. Na zare ta na rataye riga."

Ya sauko da gwangwani ya girgiza shi. Ya tona da yatsa, ya ture maɓallai, ya zaro kafso ja guda huɗu. Ya ɓare ɗaya ya barbaɗa garin a kan ciwon.

"Sauran ukun, ɗaya kullum. In kin ji sauƙi, ki dawo mini da ragowa. Ba a ɓarnar magani."

Auta ta sha na farko, ta sha na biyu. Zafin ya ɗan lafa. Sai ta mayar da na uku cikin gwangwani, tana murna.

Bayan kwana biyu ciwon ya dawo, kuma bai dawo shi kaɗai ba. Ya zo da kumburi da mugunya.

"A'a, ashe mai taurin kai ne," in ji Kawu. "To ai ga rawaya."

Rawaya ma bai yi komai ba. Suka koma ja. Wannan karon ja bai ko ɗaga wa ciwon gira ba.

Ranar Litinin takalmin makaranta ya ƙi shiga. Auta ta taka bayansa ta tafi a haka. A filin wasa Malam ya busa usur, yara suka zura da gudu. Auta ta yi taku uku ta zauna daɓas.

"Ke Auta, yau barewar ta zama agwagwa?" in ji Malam. "Cire safar nan in gani."

Da ya ga ƙafar, sai usur ya faɗo daga bakinsa.

"Maza gida! Kuma ki ji da kyau. In likita bai ce kin warke ba, ko sanda ba za ki taɓa ba."

Inna ta dubi ƙafar ta yi salati. Auta ta fashe da kuka, ta faɗi komai. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki mayafi ta nufi shago.

"Yaya, rufe shagon nan. Asibiti za mu."

"Ni? Ai ina da ɗinkin gaggawa."

"Ɗinkin ya jira. Kuma ka ɗauko gwangwanin, likita zai so ya gaisa da abokin aikinsa."

A hanya Kawu yana ta cika baki. Amma suna shiga ƙofar asibiti, sai ya ja hula har kan hanci. Ya zaro wani ƙyalle daga aljihu ya rufe baki.

"Kawu, lafiya?" in ji Auta.

"Ƙwayoyin cuta nake tausayawa. In suka gane ni, duk za su gudu, likitoci su rasa aikin yi."

Likita ya duba ƙafar, ya tambayi abin da ta sha. Inna ta miƙa masa gwangwani. Ya juye shi a kan tebur, abubuwa suka watse. Ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan na ciwon kunne ne. Wannan ya lalace tun bara. Wannan na tsutsar cikin akuya ne. Wannan kuma..." Ya juya shi a hannu. "Wannan maɓallin riga ne."

"Shi ban ba ta ba," in ji Kawu daga bayan ƙyalle.

"Mun gode Allah," in ji Likita.

Ya ajiye maɓallin. Ya yi wa Auta allurar kariya saboda tsatsar ƙusa. Ta runtse ido tana jiran mutuwa. Kafin ta gama jira, an gama.

"Shi ke nan?" in ji ta.

"Shi ke nan. Abin da kika gudar wa kwana takwas ke nan."

Auta ta waiwaya don ta gaya wa Kawu, sai ta ga ba ya nan. Yana waje, ya juya baya, yana karanta wata takarda da aka manna a bango.

Daga nan wata mata mai farar riga ta shigo. Ita ce Mai Gwaji. Ta dangwali mugunyar da auduga a kan tsinke, ta sa a kwalba ta rufe. Sannan Likita ya wanke ciwon ya ɗaure.

"Me za ki yi da shi?" in ji Auta.

"Zan ba ƙwayoyin cutar masauki da abinci. In sun yi yawa, sai mu tambaye su wane magani suke tsoro."

"Suna magana?"

"Ba sa magana, amma ba sa ƙarya. Ku dawo bayan kwana uku. In zazzaɓi ya taso kafin nan, ku zo nan take."

Da Mai Gwaji ta fito za ta wuce, Kawu ya laɓe bayan ginshiƙi. Tumbinsa dai ya ƙi laɓewa.

Kwana ukun nan sun yi wa Auta tsawo kamar shekara. Tana zaune da ƙafa a kan matashi, tana jiyo usur ɗin Malam daga nesa. Ranar komawa, Kawu ya ce bel ɗin kekensa ya tsinke, ba zai samu zuwa ba.

Mai Gwaji ta kai Auta da Inna gaban wani tebur. Ta nuna musu faranti na gilashi mai murfi. Cikinsa ya yi fari-fari kamar an shafa koko. An jera wasu ƙananan takardu masu kama da maɓalli a kai.

"Wannan farin duk ƙwayoyin cutar ƙafarki ne," in ji ta. "Kowace 'yar takarda kuma tana ɗauke da magani iri ɗaya. Dubi wannan. Shi ne jan kafson da kika sha. Me kika gani?"

Auta ta matso.

"Sun kewaye shi. Har sun hau kansa."

"Sun mayar da shi kujera. Wannan kuma rawayan ne."

"Shi ma sun hau."

"To dubi na gefen nan."

A kewayen wannan takarda akwai fili fes, ko ƙwaya ɗaya babu.

"Sun gudu!" in ji Auta.

"Wannan ne suke tsoro, shi Likita zai rubuta miki."

Inna ta riƙe haɓa. "Amma da can jan nan yana aiki, ko?"

"Yana yi, a kan wasu cututtukan. Amma in ana shan magani barkatai, yau ɗaya, gobe a bari, raunanan ƙwayoyi ne kawai ke mutuwa. Masu taurin kai su tsira, su hayayyafa. Daga nan maganin ya zama musu ruwan sha." Ta dubi Auta. "Ke 'yar gudu ce, ko? 'Yata Doguwa tana ƙungiyarku, ta ba ni labarinki. Me ke faruwa in kina atisaye kullum?"

"Ina ƙara ƙarfi."

"To atisaye kuka yi ta ba su, ke da likitanki na shago. Masu bincike a ko'ina suna kuka da wannan. Magungunan da ke aiki suna raguwa, samo sabo kuma ba wasa ba ne. Shi ya sa muke gwaji kafin mu ba da magani."

Likita ya rubuta maganin kwana bakwai, safe da yamma. Auta ta zana gidaje goma sha huɗu a bayan littafinta. Duk wanda ta sha, sai ta soke gida ɗaya.

A rana ta huɗu kumburi ya sace. Kawu ya leƙo ta taga.

"Auta, na ga kin warke. Ragowar fa?"

"Babu ragowa, Kawu. Saura gida shida."

Gwangwanin ma ya dawo daga asibiti da maɓallai zalla. Likita ya riƙe sauran.

Da kwana bakwai suka cika, Likita ya duba ƙafar ya ce ta warke. Auta ta kai wa Malam takarda da gudu. Malam ya karanta ya gyaɗa kai.

"Za ki yi gudu. Amma kin rasa atisaye da yawa, na ba Doguwa ƙarshe. Ke za ki fara."

Abin ya yi wa Auta ciwo, har ya fi ƙusar. Amma ta san wanda ya jawo, sai ta ce, "To, Malam."

Ranar gasa fili ya cika da iyaye. Usur na tashi, Auta ta fita kamar an harba ta. Ta miƙa sanda tana gaban kowa da taku biyar. Ta biyu ta riƙe tazarar, ta uku ta kusa zubar da ita. Doguwa ta karɓa ta buɗe dogayen ƙafafunta, ta tsallake layi ita ce ta ɗaya.

Yara suka yi ta tsalle. Malam ya ba Auta lasifika ya ce ta gaya wa 'yan'uwanta abin da ta koya.

"In kun ji ciwo, ku gaya wa iyayenku," in ji Auta. "Kada ku sha ragowar maganin wani. A yi gwaji tukuna, kuma ku sha magani yadda likita ya ce, har ya ƙare."

Aka yi tafi. A gefen fili kuwa Kawu ya riga ya tara mutane.

"Duk ni na koya mata," yana cewa. "Jinina ne a jikinta. Mu ba ma tsoron allura. Ni da ban taɓa taka ƙofar asibiti ba..."

"Sannu, mai ɗinki."

Kawu ya waiwaya. Mai Gwaji ce, riƙe da hannun Doguwa. Ya kai hannu zai ja hula, amma ya makara.

"Tun ranar nan nake cewa na san tumbin da ke bayan ginshiƙi," in ji ta. "Ba kai ne ka zo bara da maruru a wurin zama ba? Na ce zan ɗan ɗibi jini a yatsa. Ban ko buɗe ledar allurar ba ka sume."

"Ba ni ba ne. Mai kama da ni ne."

"Mutum huɗu suka ɗauke ka. Da ka farfaɗo kana ta kiran Innarka. Har ka manta tef ɗin awonka, yana nan a aljihun teburina. An rubuta Kawu Tela a jiki."

Dariya ta ɓarke, har Inna tana share hawaye da bakin mayafi. Auta ta kama hannun Kawunta.

"Kawu, a cikin mutum huɗun nan, har da sauron?"

Kawu ya ja hula har kan hanci. A karon farko a rayuwarsa, labari ya ƙare masa.