Kwamfutar da Yaya Ya Bari a Kunne

Auta ta gane shi tun kafin ya buɗe baki. Wani dogon saurayi ne ya shigo ɗakin da masu kula da laburaren ke haɗuwa duk ƙarshen wata, yana tambayar wane tsoho ne ya ƙi karɓar gyaransa har sau uku. Aka nuna masa ita. Nan take faɗan da ya shiryo tun daga gida ya watse, ya tsaya yana gyara tabarau ɗin da bai karkace ba.

Laburaren nan ba na littattafai ba ne. Tarin kayan aiki ne da masu rubuta manhaja ke ɗauka kyauta. Sashen Auta shi ne na ƙananan hidimomi: a tambayi kwamfuta sunanta, wa ke zaune a kanta, ina za a ajiye fayil na wucin gadi, tun yaushe take kunne. Kowace irin kwamfuta da yadda take son a tambaye ta, wata sai an lallaɓa, wata sai an zagaya, aikin Auta kuwa ta sa duk su ba da amsa iri ɗaya.

Dogo, haka kowa ke kiransa, so yake a cire wani tsohon tsari daga sashen. Ya ce ya bincika, masu amfani da shi a duniya ba su cika mota ɗaya ba.

"Mutum ɗaya ma ya isa," ta ce, ta mai da kanta ga aikinta.

Bai san mutum ɗayan yana kabari ba.

Yayanta ne ya rubuta sashen tun daga tushe. A ɗakinsa akwai wata tsohuwar kwamfuta mai wannan tsarin, wadda ya ware don gwaji. Shi ya kunna ta da hannunsa wata safiya, ya ce zai je ya dawo, mota ta yi ajalinsa a hanya. Fiye da shekara guda ke nan ba a kashe ta ba. Baba ba ya shiga ɗakin, amma bai taɓa barin batir ɗinta ya yi sanyi ba. Umma tana share ƙura a gefenta, ba ta yarda tsumma ya kusanci maɓallin ba.

Kullum da safe kwamfutar na yin gwajinta da kanta, ta turo wa Auta rahoto a waya. Layin farko sunan Yaya, don har yau shi take gani a zaune a kanta. Layi na biyu tsawon lokacin da ta yi a kunne. Idan gwajin ya fara, fankarta kan ɗaga murya, Auta ta sha tsayawa a bakin ƙofa da gaisuwa a bakinta, kamar wanda ke ciki ya ja kujera ne. Tana tsoron ɗakin, tana kuma tsoron ranar da zai yi shiru.

Dogo dai bai daddara ba, sai dai abin da yake nema ya canja. Ya laƙaba mata Mai Makulli, tunda ba abin da ke shiga sashen sai da izininta.

*Mai Makulli, na gano kuskure a inda ake neman fayil na wucin gadi. Zan iya turowa a rubuce, amma irin wannan kuskuren sai ido da ido.*

*Turo a rubuce, Dogo. Idonka ba ya cikin abin da nake dubawa.*

Ƙarya take yi, ta kuma sani. Kafin wata biyu suna zama a teburi ɗaya, shayinsu na hucewa ba su sha ba. Ranar da ta ba shi labarin Yaya, bai yi mata wa'azin haƙuri ba, wanda ta gaji da ji. Ya buɗe kwamfutarsa, ya janye buƙatarsa ta cire tsarin a gabanta.

"Da na sani ban taɓa ba," ya ce. "Ki yafe min, ƙanwar Yaya."

A nan zuciyarta ta tafi. A makon ta ba shi abin da ba ta taɓa ba kowa ba, izinin shiga kwamfutar Yaya daga nesa, don ya taya ta duba gwaji.

To, akwai ɗan Gwaggo, mai shagon batir, wanda ya daɗe yana kawo wa gidan kaya yana zama fiye da yadda aikin ke buƙata. Da ya ji manyan Dogo na shirin zuwa neman auren Auta, sai ya tono tsohuwar buƙatar nan a intanet, ya karanta wa Baba ita da irin fassararsa. Baba ya kira Auta, ya ce magana ta mutu. Wanda bai shigo gida ba ya fara neman kashe abin da ɗansa ya bari, idan ya shigo me zai rage?

Ta yi kuka, ta yi bayani, Baba ya kawar da kai. Duk da haka ta tsaya wa Dogo, har zuwa wata safiya.

Rahoto ya shigo kamar kullum. Sunan Yaya na nan. Amma layi na biyu ya ce kwamfutar ba ta fi 'yan mintuna a kunne ba.

Auta ta sake karanta layin. An kashe, an sake kunnawa. Kunnawar Yaya ta tafi, abu na ƙarshe da hannunsa ya yi a gidan nan. Ta duba batir, lafiya lau. Mutum ɗaya ne ke da hanyar shiga. Ta rubuta wa Dogo:

*Baba ya fi ni ganinka. Na ba ka amana ka kashe ta. Kada ka sake nemana.*

Ta kashe wayar, ta kwanta tana jin ƙarar fankar kwamfutar ta cikin bango, yanzu kamar muryar baƙo.

Da la'asar Dogo ya yi sallama a ƙofar gida. Ya durƙusa gaban Baba, ya roƙi a kira Auta da Umma, ya ce in ya gama magana aka kore shi zai tafi. Ya rantse bai taɓa kwamfutar ba. Ya ce a wannan tsohon tsarin, gurbin da ake ƙirga lokaci a ciki yana da iyaka, in ya cika sai ya koma sifili, kamar mitar tsohuwar mota. Yaya bai yi tanadin wannan ba, don wa zai yi zaton kwamfuta za ta daɗe haka a kunne?

Auta ta ji haushin a ce Yaya ya yi kuskure, ta kusa tashi. Umma ce ta riƙe ta.

"Ni ina guga a bakin ɗakin tun da sassafe," in ji Umma. "Fankar nan ba ta tsaya ba. Da ta tsaya da na riga kowa sani."

Dogo ya ce akwai shaida, amma ba shi ya kamata ya duba ba. In an sake kunna ta, duk abin da Yaya ya bari a buɗe ya rufe. A kunna allon a gani.

Tun rasuwar ba wanda ya kunna allon nan. Auta ta shiga ita kaɗai, ta danna. Haske ya taso a hankali. Ga aikin Yaya a buɗe, ga rabin layi, ya buɗe alamar baka bai rufe ba, ɗan tsinken da ke nuna wurin rubutu na ƙiftawa a inda ya tsaya, yana jiran ya dawo. Ta zauna a kujerarsa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka kawo labari.

Daga falo ta ji Baba na tambayar Dogo ko gaskiya ne ya nemi a kashe kwamfutar.

"Gaskiya ne, Baba, kafin in san ta waye. Ko yau aka tambaye ni zan ce ta gaji, ba za ta daɗe ba. Amma hannuna ba zai taɓa ta ba. Ba tawa ba ce."

Baba ya dube shi. Sannan ya ce ya turo manyansa. Ɗan Gwaggo ya ci gaba da kawo batir, sai dai ya koyi saurin tafiya.

Da yamma Auta ta kunna waya, ta rubuta wa Dogo.

*Na zarge ka. Ban san da wane baki zan ba ka haƙuri ba.*

*Da wanda kika ƙi gyarana sau uku, abar ƙaunata. Shi na saba da shi.*

Tare suka gyara ƙirgar lokacin, karo na farko da ta taɓa wannan ɓangare na rubutun Yaya. Amma kullum biki na matsowa, kullum tambaya ɗaya na cin ta: wa za ta bar wa ɗakin?

Ranar da aka ɗaura aure, motoci na jira a waje, Umma ta ja ta zuwa ɗakin.

"Ba zan zauna ni kaɗai ina sauraronta ina jiran ranar da za ta mutu a hannuna ba," ta ce. "Ke za ki tafi ɗakinki. Shi ma ki sallame shi."

Auta ta ce sai Baba ya yarda. Suka waiga, ashe yana tsaye a bayansu. Ya gyaɗa kai.

Ta zauna da kayan amarcinta, ta ƙarasa layin kamar yadda take jin Yaya zai ƙarasa, ta rufe bakan, ta adana. Sannan ta ba da umarnin kashewa. Fankar ta yi ta raguwa har ta tsaya. Shirun ya yi nauyi, amma ba abin tsoro a cikinsa kamar yadda ta daɗe tana zato. Umma ta yi wa Yaya addu'a, suka shafa.

Baba ya dafa kanta.

"Allah ya jiƙan wanda ya tafi, ya yi wa wadda ta rage albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Tashi, Auta, mijinki na jira."

Ta tashi, ta bar ƙofar ɗakin a buɗe.