Wace Ce Taiba?

Ga ta nan, ga ta nan ku, jikokina.
Ta zo mu sha labari, Kaka.

Ranar da Malam Falalu na Bakura ya dawo daga Hajji aka kirawo Surajo daga Talata Mafara ya ɗauki bidiyon walima. Ɗiyar gidan, Bushra, ta kawo masa ruwa, yaro ya sha, ya manta kyamara na kallon ƙasa. Abin da ya faru ke nan.

Shi Surajo yana da tsohuwar kwamfuta a ɗakinsa, a kan wutar sola, ba a kashe ta ko da na minti ɗaya. Duk bidiyon da ya ɗauka cikinta yake, wanda ya ba lambar sirri sai ya kalla ta waya, ko daga ina yake.

Malam Falalu bai so zancen Surajo da ɗiyarsa ba. Ya ce a wannan zamani, na'urar da mutane ke shiga daga nesa, wa ya san wa take kai wa rahoto?

Bushra ta kare masoyinta, har ranar da ta ari wayarsa ta ga jerin masu shiga kwamfutar. Taiba, daga Maradun. Jiya Taiba, shekaranjiya Taiba, kullum bayan La'asar. Ta tambaya, ya ce amana ce, ba zai faɗa ba. Da ta isa gida ta rubuta masa:

"Nurul ƙalbi, in Taiba ce ta hana ka kashe kwamfuta, ka riƙe ta. Ni na gaji."

Ya amsa: "Tauraruwata, ke kaɗai ce. Amma bakina a ɗaure yake."

To, hawaye ba su ɓoyuwa. Mahaifinta ya sa ta gaba sai Mafara. Bayan doguwar gaisuwa ya ce a kashe na'urar nan yanzu, in ana son ɗiyarsa. Surajo ya dubi agogo, ya roƙi a bari sai Magariba.

Ana cikin haka allon kwamfutar ya nuna Taiba ta shiga. Bushra ta yi tsaki. Malam ya matso da tabarau, ya ga abin da ake kallo: shi ne da kansa, yana saukowa daga mota da farar jallabiya. An kalla sau ɗari da goma sha huɗu.

Ya zauna a ƙasa.

Kun san kunyar ɗan fari. Malam Falalu shi ne ɗan farin tsohuwar da kowa ke kira Inna ta Kaya, wani gari a ƙasar Maradun. Shekara hamsin ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban fuskarsa ba. Ranar walima ma ɗaka ta shige. Ashe ta ja Surajo gefe, ta miƙa masa wayarta ya sa mata lambar sirrin, ta ce ko bango kada ya ji. Jikoki kuwa ba wanda ya san sunanta na yanka Taiba ne.

"Kada ka kashe," in ji Malam. "Ka turo magabatanka."

Bushra ta rufe fuska da mayafi. Surajo ya ce a hankali, "Kin ga kishiyar taki?"

An ɗaura aure bayan ƙaramar Sallah, Allah Ya yi musu albarka. Suna Mafara da 'ya'ya biyu. Malam ya ƙara wa solar batiri. Inna har yau ba ta san an sani ba, kuma kullum bayan La'asar tana shiga.