Kibiyar da Ban Zana Ba

Aikina a dutsen nan biyu ne. Da safe in yi wa kekuna faci in ɗaure birki a rumfar bakin ƙofa. Da yamma in hau keke in bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, in tabbatar ba wanda ya saura kafin mai gadi ya rufe. Hanyoyi uku gare mu, kuma da hannuna na zana wa kowacce kibiyoyinta a jikin bishiyoyi. Koriya ta 'yan koyo ce, ko kakarka za ta bi ta lafiya. Shuɗiya ta waɗanda ƙafarsu ta fara ƙwari. Baƙa kuwa ta mahaukata ce, gangara da tsalle a kan duwatsu, ƙarshenta wata muguwar kwana a bakin kwazazzabo.

Yayana shi ne gwanin baƙar. Guguwa ake ce masa, shekara goma sha biyu ba wanda ya riga shi sauka. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannun hagu ya ƙi. Yana iya ɗora shi a kan keke, amma matse birki sai dai ya kalla. Da likita ya ce ya riƙa motsa jiki, ni na kafa masa doka: koriya ko gida. Ya zage ni tas, ya ce shi da ya koya min hawa yau ni zan jera shi da masu faɗuwa a fili. Amma ya bi, tunda makullin kekensa a aljihuna yake.

Laifin abin da ya faru kuwa nawa ne, ba zan ɓoye ba, ko da yake Ciyaman ɗin ƙungiyarmu ta masu keke ne ya tura ni. Mutumin da tumbinsa bai taɓa ganin saman dutsen ba, wai baƙi na ƙorafi koriya ta yi gajarta, in ƙara mata tsawo kafin Asabar, kuma ba zai ba ni ko lebura ɗaya ba. Na shiga kurmi da adda ina ƙunƙuni. Ban sari komai ba sai ga hanya a gabana. Siririya, sumul, ko ganye ɗaya babu a kanta, alhali bishiyoyi na ta zubar da ganye. Ba sawun mutum, ba na dabba. Na ce banza ta faɗi, na bi ta da fenti kore har inda ta haɗu da tsohuwar. Da na ba mai gadi labari, tambaya ɗaya ya yi min, wai wa ke share ta. Na ce masa tsufa ya fara taɓa shi.

Ranar Alhamis, rana ta yi ja, kowa ya fito. Ina haɗa kayan aiki sai na ga sandar dogarawar Yaya jingine a kusurwar rumfa, inda yake barinta in zai hau. Ƙarfe huɗu ya shiga. Koriya ba ta wuce minti arba'in, ko da turawa kake yi.

Na ɗaura tocila a goshi na shiga.

Tsohon ɓangaren lafiya ƙalau. Gyare na kuka, tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin taya. Ina karyawa cikin sabuwar hanyar komai ya ɗauke, kamar an toshe min kunne da auduga. Sai numfashina da ƙarar sarƙata.

"Yaya!"

Muryar ba ta je ko'ina ba.

Sai wari ya buge ni. Warin ɗanyen fenti. Ni kuwa kwana tara rabona da buɗe gwangwani.

Na tsaya a gindin wata bishiya na haska. Kibiya ce koriya, irin zanena sak, har da ɗan karkacewar da nake yi a baki. Amma ni daidai ƙirji nake zana tawa. Wannan tana can sama, inda ko na taka sirdi hannuna ba zai kai ba. Fentin na gangarowa a jikin ɓawon. Ɗigo ɗaya ya faɗo min a bayan hannu, da ɗumi.

Hagu take nunawa. Hanyata dama ta yi.

A ƙasa ga sawun taya ɗaya ya bi hagun. Na san tayar, ni na saka ta.

Na yi addu'ar da ta zo bakina na bi. Kibiya bayan kibiya, duk ɗanyu. Ƙasa ta fara gangara. Sai na ji shi a bayana: tik-tik-tik, ƙarar keke in an daina taka feda. Na waiga, ba kowa. Na juyo, ya dawo. Yanzu biyu ne. Sai uku. Sai na kasa rarrabewa.

Tayata ta daki wani faffaɗan dutse mai tsaga a tsakiya. Na san dutsen nan. Gangarar ƙarshe ta baƙar hanya ce.

Can ƙasa na hango shi.

A tsaye yake kan feda, gwiwa a lanƙwashe, kamar shekarun baya. Ya shiga kwana, na ga yatsun hannun hagu sun matse birki sun saki. Hannun da nake wanke masa kullum da safe. Ya tsallake dutse ya dira, ya yi dariya. Rabona da jin dariyar nan tun kafin asibiti.

Gefe da gefensa ƙasa na tsagewa, layin tayoyi na fitowa da kansu. Ba keke, ba mahayi.

A bakin kwazazzabo akwai dutsen da na zana wa baƙar kibiya mai nuna dama. Yanzu koriya ce a kai, tana sheƙi. Gaba take nunawa, inda babu ƙasa.

Yaya bai rage gudu ba.

Na saki birki gaba ɗaya. Rassa na marina, haƙorana na haɗuwa. Wani sanyi ya matso jikin kunnena, da warin fentin nan.

"Bar shi," aka ce a hankali. "Kai ka nuna masa hanyarmu."

Na ƙara taka feda.

Saura taku goma tsakaninmu. Biyar. Na sa tayar gabana a tasa ta baya, na yi tsalle na rungumo ƙugunsa.

Muka zube a kan dutse. Kafaɗata ta yi ƙara. Kekunan biyu suka wuce mu suka faɗa ramin.

Na kasa kunne. Har yau ban ji saukarsu ba.

Gyare ya ci gaba da kuka. Yaya na kwance a kaina yana haki, hannun hagun ya koma yadda yake, a sake kamar tsumma. Yana ta ƙoƙarin dunƙule shi. Da ƙyar na jawo shi muka fito ta baƙar hanya da ƙafa, mai gadi ya tarye mu da fitila bai tambaye mu komai ba.

Washegari muka koma da Ciyaman. Ba kibiya ko ɗaya a sama, baƙar kuma tana nan a kan dutsenta tana nuna dama. Ya ce sakacina ne, na bar mara lafiya ya ɓata. Na roƙe shi ya rufe sabuwar hanyar, ya ce an riga an buga ta a taswira. Na ɗauki wuƙa na kankare fentina da kaina, ya sallame ni, ya ɗauko wani ya sake shafawa. Kowace Asabar motoci na wucewa ta ƙofar gidanmu da kekuna a ɗaure a baya, ni kuwa ba mai saurarona.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ke cina a gida yake. Wata huɗu Yaya bai kalle ni ba. In na kawo ruwa zan wanke masa hannun sai ya juya wa bango fuska, matarsa ta karɓi kwanon tana ba ni haƙuri da ido. Na ɗauka kunya ce, ko tsoron abin da ya gani. Shekaranjiya na gaji, na ce masa ko godiya ba zai yi ba, ni da na karya kafaɗa don in dawo da shi.

Ya daɗe yana kallon hannun a kan cinyarsa.

"Auta," ya ce, "na ga ramin. Tun daga sama na gan shi. Su sun ba ni hannuna, kai ka ƙwace. Wa ya aike ka?"