Ƙofar Ɗakin Kombo

Magariba ta kawo kai a Tanga. Iskar teku na shigowa ta taga, Mwanajuma na matse kwakwa a kan shinkafa, sai wayar yayanta Kombo ta yi ƙara. Mai wayar kuwa yana kabari tun kafin azumi.

Su biyu suka kafa ɗan kamfaninsu. Ƙananan na'urori suke haɗawa, a manna a firjin ɗakunan bincike inda ake ajiye jini da magunguna. In sanyi ya ragu, ko aka buɗe ƙofa, sai waya ta yi ƙara. Ta farkon da Kombo ya haɗa, ta gwaji, a ƙofar ɗakinsa ya manna ta. Tun ranar jana'iza mahaifiyarsu ta kulle ɗakin.

Wayar ta nuna an buɗe ƙofa. Ita da uwar suka je, kwaɗo na nan a datse.

Washegari haka. Kowace magariba haka. Daga baya tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Mwanajuma ta ce za ta cire na'urar.

"Taɓa ki gani," in ji uwar. "Yayanki ne ke dawowa."

Ran da Mwanajuma ta kai hannu kan na'urar ta faɗi, ta tashi da muryar da ba tata ba.

Aka ɗauko Malam Faki mai ruƙiyya. Ya yi karatu har muryarsa ta dushe, sannan ya ce, "Wane ne kai?"

"Maƙwabci. A kukar bayan gida nake, tun kakanka bai san wando ba."

"Me kake nema a jikin yarinya?"

"Yaron nake nema. Kullum magariba yakan buɗe ƙofar nan, ya yi sallama a ɗakin da ba kowa, ya dubi waya, ya yi dariya. Ni nake amsa masa. Ba wanda ya taɓa yi mini sallama sai shi. Ina ya tafi?"

"Ya rasu."

"Ƙarya kake, tsoho. Uwarsa na zuba masa abinci har yau. Ta faɗa da bakinta in tafi. In ba haka ba, a jikin wannan zan zauna jiransa."

Uwar ta dubi wayar da ke hannunta. Ta dubi 'yarta, tana karkarwa a kan tabarma, leɓe ya bushe. 

"Kombo ya rasu," ta ce. "A gabana aka fita da shi. Ba zai dawo ba."

Wani kuka ya fito daga bakin yarinyar, irin wanda gidan bai ji ba ko ranar mutuwar.

Muryar ta ce, "Ku yafe mini tsakuwar, Mama. Ƙwanƙwasawa nake yi."

Mwanajuma ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta nemi ruwa.

Ta warke, ta koma ga na'urorinta. Uwar kuwa har yanzu takan sa wayar a caji, in magariba ta yi ta zauna da ita a cinya, tana fuskantar ƙofar. Wayar ba ta sake yin ƙara ba.